Jinin Fitsarin Babba Daban Yake da na Yaro

Ɗana, na sami labarin an tura ka aiki asibitin karkara a ƙasar noman rani. Allah ya sanya albarka, ya ba ka haƙurin zama da jama'a. Tunda bakin ruwa za ka zauna, jan fitsari a kwalba zai zame maka abin gani kullum har idonka ya saba da shi, kuma wannan sabon ne ya sa na ɗauki alƙalami. Yawancin masu kawo maka shi yara ne, 'yan makaranta da almajirai masu wanka a kanal da kududdufi. Tasu tsargiya ce: jinin yakan zo a ƙarshen fitsari, ka ba su firazikwantel daidai nauyinsu bayan sun ci abinci, su warke. Amma ran da magidanci ɗan shekara 40 ko 50 ya dire maka irin wannan kwalba, ya ce ai tsargiyarsa ce ta ƙuruciya ta motsa, to ka gyara zama. Ko da ka duba fitsarin ka ga ƙwan tsutsar, ganin ƙwan bai wanke mafitsararsa daga zargi ba. Ruwa ba ya tsami banza.

Ka san aikin da na yi har na ajiye. Ni ba likita ba ne. Ni ne mai karɓar tsokar da aka yanko a ɗakin tiyata, in jiƙa ta a famalin, in tsane ta, in daskarar da ita cikin kaki, in fere ta da inji har kaurinta ya koma kashi 4 ko 5 cikin 1000 na milimita, in shimfiɗa ta a kan gilashi. Daga nan in rina ta da launi biyu, shuɗi mai kama ƙwallon da ke tsakiyar kowace ƙwayar halitta, da ja-ja mai kama sauran jikinta, in miƙa wa likitan awon tsoka ya karanta a madubin likita. Wanda ya daɗe yana tsaye bayan kujerar masu karatun nan, in yana da kunne, zai tsinci abubuwa. Babban abin da na tsinta shi ne dajin mafitsara ba ciwo ɗaya ba ne. Mutum biyu za su kwanta gado kusa da gado, da jini iri ɗaya da hoton ciki iri ɗaya, a kankare wa ɗaya ya koma gona ya yi shekaru, ɗayan kuwa bai ga damina mai zuwa ba. Bambancinsu yana cikin surar ƙwayoyin, kuma babu mai ganinta sai an kai tsoka kan gilashi. In na ce mafitsara, jakar da fitsari ke taruwa nake nufi, ba furostet da ke ƙarƙashinta ba, wanda ciwonsa da maganinsa daban ne.

Cikin mafitsara shimfiɗe yake da wani tantani na musamman mai hawa 3 zuwa 7 na ƙwayoyi. Na saman manya ne masu faɗi, suna rufe na ƙasa don kada fitsari ya ratsa, kuma dukkansu suna miƙewa in jaka ta cika, su tattare in ta zube. A ƙarƙashin tantanin akwai nama mai laushi da jijiyoyin jini, sannan tsoka mai ƙarfi wadda ke matse fitsari waje. Dajin da littattafanku na makaranta suka fi magana a kai daga wannan tantani yake tasowa, kuma ƙwayoyinsa suna riƙe da kamar iyayensu. A Turai da Amurka shi ne wajen kashi 90 cikin 100. Ciwon tsofaffi ne a can, masu shekara 70 ko kusa da haka, kuma taba sigari ce ke jawo kusan rabinsa, sai sinadaran masana'antu. Tun 1895 wani likitan tiyata na Jamus, Ludwig Rehn, ya lura da shi a jikin ma'aikatan wata masana'antar rini kusa da Frankfurt. Saboda haka in babba ya zo da jini, tambayi tabarsa, ka tambayi ko ya yi aikin rinin zamani, ko jima, ko roba, ko fenti. Wajen kashi uku cikin huɗu na masu wannan iri a can ana kama su ciwon bai kai ga tsoka ba. Sai a shiga ta hanyar fitsari a kankare shi ba tare da an tsaga ciki ba, a riƙa ɗura wa mafitsarar BCG, wato ƙwayar rigakafin tarin fuka ɗin nan da ta bar maka tabo a damtse. Wani likita a Kanada, Alvaro Morales, ya fito da wannan dabara a 1976, kuma har yau ana cin moriyarta.

To, littattafan nan za su ce maka akwai wani iri da ba kasafai ake gani ba, wanda ake kira sukwamas, bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Gaskiya suka faɗa game da ƙasarsu. A namu bakin ruwan shi ne mai gida. Rahotannin da likitocin awon tsoka suka fitar daga asibitocin koyarwa na Sakkwato da Kano a shekarun 2000 sun nuna ya haura rabin dajin mafitsarar da suka duba, kuma sau da yawa da ƙwan tsargiya kwance a cikin tsokar. Masar ce ta riga kowa sanin wannan. A Alƙahira ne Theodor Bilharz ya fara ganin tsutsar a 1851. A 1910 Armand Ruffer ya tarar da ƙwanta a ƙodar gawarwakin mutanen zamanin Fir'auna da suka yi wajen shekara 3000 a adane. Shekara guda bayan haka, a 1911, wani likita mai suna Ferguson, shi ma a Alƙahira, ya rubuta bayanin mutum 40 da tsargiya da dajin mafitsara suka haɗu a jikinsu. A 1915 Robert Leiper ya tabbatar cewa ta jikin dodon koɗi tsutsar ke bi kafin ta shiga mutum. Sai a 1994 hukumar binciken daji ta duniya da ke Lyon a Faransa ta saka tsargiyar mafitsara a sahun farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa daji.

Yadda abin ke faruwa ya kamata ka riƙe shi da kyau, don shi za ka riƙa yi wa mutane bayani a ƙofar masallaci da bakin kasuwa. Tsutsar ba shan ruwa ke kawo ta ba, ta fata take shiga yayin da mutum ke tsaye cikin ruwa, yana dashen shinkafa ko su ko wanki. In ta girma sai mace da namiji su sauka jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara, su zauna shekaru, macen tana zuba ƙwai har ɗaruruwa a yini. Kowane ƙwai yana da ƙaya a gindinsa. Waɗansu su huda bango su fita da fitsari, su ne masu kawo jinin da yaro ke gani. Da yawa kuma su maƙale a cikin bangon, jiki ya yi ta yaƙi da su, wurin ya yi ta kumburi yana warkewa da tabo, ƙwan ya mutu ya daskare ya zama alli. Shi ya sa wani in an ɗauki hoton ƙashinsa za ka ga zanen mafitsararsa ya fito fari. Tantanin da aka yi domin miƙewa, in ya gaji da wannan gurza, sai ya sauya halitta ya koma irin ƙwayoyin fatar jiki, masu faɗi, masu tauri. Ga kuma ƙwayoyin cuta da ke samun wurin zama a mafitsarar da ba ta zubewa duka, suna juya sinadaran fitsari su zama masu lalata gadon ƙwayar halitta. Shekara 20 ko 30 ana wannan, sai wata ƙwaya ta ɓalle. Shi ya sa namu majinyatan ba tsofaffi ba ne, magidanta ne da ƙarfinsu, masu 'ya'ya ƙanana. Tsakuwar mafitsara da ta daɗe, da robar fitsari da aka bari shekaru a jikin wanda lakarsa ta taɓu, su ma ta wannan hanya suke kai wa ga sukwamas.

A kan gilashi ba ya ɓuya. Ƙwayoyinsa manya ne, jikinsu ya sha jan launi sosai, tsakanin kowace da maƙwabciyarta akwai 'yan siraran zare da ke haɗa su. Suna kuma yin abin da fata ke yi, wato ƙera sinadarin tauri irin na farce da gashi, sai dai da yake babu waje da za su zubar da shi, sai su naɗe shi zagaye bisa zagaye, kamar an raba albasa biyu. Wannan tarkacen ne ke ɓantarewa ya fito. In majinyaci ya ce maka yana fitsarin wani farin abu mai kama da dafaffen nama, ga wari, ga zafi, ga fitsari ba ya riƙuwa, kada ka rubuta masa maganin sanyi. Wannan magana ce ta ciwon da ya riga ya yi nisa. Halinsa kuma daban yake da na Turai: ba ya yin 'yan tsiro a sama da za a kankare, bango yake ci ya nutsa cikin tsoka, ya toshe bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda. BCG ba ta da aiki a kansa, ƙarin ruwan maganin daji ma ba ya jin sa sosai. Abu guda da ke gefenmu shi ne irin da tsargiya ke haifarwa yakan daɗe yana ɓarna a wuri ɗaya kafin ya tafi nesa. Wanda aka cire wa mafitsara da wuri yana da rabo.

Masar ɗin da ta fara ganin ciwon ita ce kuma ta nuna ana iya rage shi. A cibiyar daji ta ƙasa da ke Alƙahira, wajen 1980 sukwamas ya haura kashi 70 cikin 100 na dajin mafitsara. Zuwa 2005 ya sauko ƙasa da kashi 30, bayan an yi shekaru ana raba firazikwantel, ana kai ruwan famfo ƙauyuka. Mu kuwa ruwan da ke ciyar da mu shi ke renon dodon koɗin. Dam ɗin Tiga na 1974 da kanal-kanal ɗin Kadawa, Bakolori na 1978, Goronyo na 1984, fadamun Haɗeja da Nguru, gonakin shinkafar bakin kogin Kwara a Nijar, Jazira a Sudan, tafkin Volta a Gana bayan an gama Akosombo a 1965, duk inda aka tsayar da ruwa tsargiya takan sami gindin zama. Ba na cikin masu zagin dam, na ci tumatir da shinkafar rani kamar kowa. Amma yaran da suka yi iyo a waɗannan kanal lokacin da aka buɗe su, su ne dattawan da za su riƙa zuwa maka yanzu. Kuma mu da muka tashi ana ce mana jan fitsari alamar yaro ya fara zama namiji ne, mu ne muka fi wuyar lallashi. In lokacin raba magani a makarantu ya zo, ka tabbata an kai har tsangayu da 'ya'yan masunta da ba sa zuwa boko. Ka kuma gaya wa manya gaskiya: firazikwantel tsutsa yake kashewa, ba ya goge tabon da aka riga aka yi, balle ya taɓa daji.

Sauran ire-iren da zan faɗa maka ƙalilan ne a ko'ina, wataƙila ka gama aikinka ba ka ga sunan wasunsu a takarda ba. Ina so ka san su ne don ka gane dalilin da ya sa wani lokaci likita ke gaggawa a kan ciwon da ya yi kama da ƙarami. Akwai wanda ake kira mai sheƙa. A bangon mafitsara mai lafiya akan sami 'yan dunƙule-dunƙulen ƙwayoyin tantani da suka lotsa ƙasa, ba su da wata illa, an san su da sunan von Brunn. To wannan dajin surarsu yake ɗauka. Ƙwayoyinsa ƙanana ne masu kyan gani, ƙwallonsu bai yi baƙi ba, bai yi girma ba, ba ka cika ganin suna rabuwa ba. In tsokar da aka yanko ta sama ce kawai, gwani ma yana iya cewa lafiya lau. Sai an sami yanki mai zurfi a ga dunƙulen sun kutsa tsakanin zaren tsoka, inda na ƙwarai ba sa zuwa, sannan asirinsa ke tonuwa. Kama da wane ba ta wane. Sai a ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990 aka fayyace shi a rubuce, kuma yanzu a manyan ɗakunan gwaji ana raba gardama da neman wani sauyi a gadon ƙwayar da ake kira TERT, wanda daji ke da shi, dunƙulen lafiya kuwa babu.

Wanda ya fi ba ni tsoro a cikinsu shi ne mai warwatse, wanda a takarda ake rubuta shi filasmasaitoyid. An fara bayyana shi a 1991. Ƙwayoyin tantani a al'ada manne suke da juna, akwai wani sinadari a fatarsu da ke riƙe kowace da 'yar'uwarta. A 2016 masu bincike a asibitin daji na Memorial Sloan Kettering da ke New York suka nuna cewa a wannan iri, gadon da ke ƙera sinadarin, mai suna CDH1, shi ne ya lalace. Da riƙon ya saki sai kowace ƙwaya ta kama gabanta. A madubi za ka gan su ɗai-ɗai ko a jere layi guda, ƙwallon kowace ya koma gefe, har su yi kama da wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da ke taruwa inda ake kumburi. Mai karatu in ya yi sauri sai ya rubuta kumburi ne. Da yake ba sa taruwa su yi ƙari, mai leƙa mafitsara da kyamara yana iya ganin tantani sumul, jini ma wani lokaci ba ya zuwa da wuri. Su kuwa suna can suna bin bango har ya yi kauri ya sandare, jaka ta daina miƙewa, mutum ya yi ta zarya bayan gida. Daga nan su bi shimfiɗun nama su fita zuwa dubura da rigar hanji, ciki ya tara ruwa. Likitocin tiyata sukan buɗe ciki su tarar ya wuce inda hoto ya nuna. Yakan ji ƙarin ruwa da farko, amma dawowarsa ta fi yawa.

Akwai kuma mai ƙananan tsiro, maikurofafilari, wanda likitocin asibitin M. D. Anderson na Houston suka fito da bayaninsa a 1994. Shi ƙwayoyinsa a 'yan ƙulli suke, ba jijiyar jini a tsakiyarsu, kowane ƙulli zaune cikin wani ɗan fili fari, sau da yawa ƙulli biyu ko uku a fili ɗaya, kuma fuskar ƙwayar da ya kamata ta kalli ciki waje take kallo. Gwanin shiga hanyoyin ruwan jiki ne, saboda haka yakan isa kaluluwar ƙugu tun ƙarin bai kai a zo a gani ba. Da yawansu suna ɗauke da sinadarin HER2 da aka sani a wani irin dajin nono. Likitoci da dama in suka ga sunansa ba sa tsayawa gwada BCG, sai su ba da shawarar cire mafitsara ko da bai taɓa tsoka ba. Sai mai ƙananan ƙwayoyi, wanda bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Gilashinsa shuɗi ne kusan duka, don ƙwayoyin ƙwallo ne zalla, jikinsu ɗan kaɗan, sun cunkushe har kowane ƙwallo ya lotsa ya ɗauki surar na kusa da shi, ga masu rabuwa birjik, ga matattu. Taushinsu ya sa ko matsewar almakashin tiyata sai ta murje su, shuɗin ya ja zare. Ɗan'uwan wanda ke kama huhun mashaya taba ne, ya rasa birki biyu na gadon ƙwaya, TP53 da RB1, kuma yakan tafi hanta da ƙashi da ƙwaƙwalwa cikin watanni. A nan wuƙa ba ita ce farko ba. Ana fara ƙarin ruwan sisfilatin da etofosaid, irin na huhun, sannan a yi tiyata ko gashi, wato ƙona ƙarin da hasken na'ura. Wanda aka yi wa akasin haka an ba ciwon ratar da ba a cim ma.

Biyu na ƙarshe a taƙaice. Sakomatoyid ƙaton ƙari ne mai cika mafitsara, ƙwayoyinsa sun bar surar tantani sun zama dogaye masu tsini biyu, wani lokaci har guringuntsi ko ƙashi ake tararwa a ciki, kuma akan gan shi a wanda aka taɓa yi wa gashi a ƙugu ko ya sha maganin saikulofosfamaid. Sai mai majina, wanda ƙwayoyinsa ke kwaikwayon na hanji. Wani daga cikinsa yana tasowa ne a ƙoƙon saman mafitsara, daga ragowar wata igiya da ke haɗa ta da cibiya tun mutum yana ciki. Mai shi yakan ga yauƙi a fitsari, kuma in za a yi aiki, da saman mafitsarar da igiyar da cibiyar ake cirewa tare. Ka sani kuma waɗannan ire-iren sukan cakuɗa da na gama-gari a ƙari ɗaya, shi ya sa kundin rabe-raben daji na Hukumar Lafiya ta Duniya, bugun 2022, ya nemi a rubuta kowane iri da aka gani da yawan kasonsa.

Yanzu naka aikin. Duk babban da ya ga jini a fitsari, ko sau ɗaya ne, ko ba zafi, ko ya tsaya da kansa, ka rubuta masa takardar zuwa inda za a yi masa hoton ciki a kuma leƙa mafitsarar da kyamara. Tsayawar jinin ita ce ke yaudarar mutane, don dajin haka yake yi, ya zo ya ɗauke. Kafin su iso gare ka yawanci sun zaga kemis sun sha maganin sanyi kala-kala, sun sha jiƙo, an yi rubutu. Kada ka yi musu faɗa a kan abin da ya wuce, in ka kunyata dattijo ba zai dawo ba. Amma kada kai ma ka zama zango na gaba da zai riƙe shi wata uku. Ka lura da mata musamman. Ciwon ya fi yawa a maza, amma mata sun fi zuwa a makare, don su da masu duba su sukan ɗauki jinin na al'ada ne ko sanyi, ga kunya. Matar da haila ta ɗauke mata ta ce tana ganin jini, ka sa ma'aikaciya mace ta tantance daga ina yake fita. Jinkiri yana da wata hasara da mutane ba su sani ba: in ƙari ya toshe bututun ƙoda har ƙodar ta raunana, sisfilatin ba ya yiwuwa, don sai da ƙoda mai lafiya ake ba da shi. Ka ga ƙofar magani ta rufe tun ba a san sunan ciwon ba.

Maganar tsoka kuwa, nan ne zuciyata ta fi ƙuna, don a hannuna abin ya riƙa lalacewa. Na sha karɓar tsokar da aka zuba a ruwan gishiri, ko aka naɗe a auduga ta bushe, ko aka saka a firiza, ta iso ba abin da za a karanta. Famalin mai ƙarfin kashi 10 cikin 100 ake so, yawansa ya ninka girman tsokar sau 10, a saka ta nan take, a rubuta suna a jikin kwalbar ba a murfi ba. Na ga dangin da aka miƙa wa kwalba su kai awo, suka ji kuɗin, suka ce ai an riga an cire ciwon, suka tafi da ita gida suka binne. Na ga aljihun tebur cike da takardun sakamako da ba wanda ya zo karɓa, a cikinsu har da masu sunayen da na lissafa maka. Ka gaya wa mutanenka tun kafin su tafi cewa kuɗin awon tsoka cikin kuɗin aiki yake, a tanade shi tare. In takarda ta fito su kawo maka, ka duba abu uku: wane iri ne, an sami tsokar bango a cikin abin da aka yanko, kuma ciwon ya shige ta ko bai shiga ba. In an rubuta babu tsokar bango, aikin bai ba da amsa ba, sai an sake. In kuma abin da takarda ta faɗa bai yi daidai da halin da majinyaci ke ciki ba, suna da damar neman a ba su dunƙulen kakin da tsokar ke ciki. Ba ya lalacewa, yana shekaru, ana iya aika shi wani asibitin koyarwa da ke da rini na musamman a sake karantawa. Likitan kirki ba ya jin haushin wannan.

Ranar da aka ce za a cire mafitsara, mutuminka zai gudo wurinka, don kai ne na gida. Tsoronsa ba na wuƙa ba ne. Tsoronsa jakar da za a manna masa a ciki, da tsarkinsa, da sahun salla, da iyalinsa. Kada ka raina wannan tsoro, kada kuma ka yi masa ƙarya. Aikin babba ne, kuma yakan taɓa kusantar iyali, ya kamata likita ya gaya masa tun kafin a shiga. Akan yanki ɗan guntun hanji a haɗa shi da bututun ƙoda a fito da bakinsa gefen ciki, dabarar da Eugene Bricker ya daidaita a Amurka a 1950, wani kuma akan ɗinka masa sabuwar jaka da hanjin ya ci gaba da fitsari ta hanyar da ya saba. A cibiyar ƙoda da mafitsara ta Mansura a Masar, Muhammad Ghoneim da abokan aikinsa sun ba da rahoton mutum 2,720 da suka yi wa wannan aiki, a 2008, kuma fiye da rabinsu sun kai shekara 5 ciwon bai dawo ba. Galibinsu Musulmi ne masu salla irin tasa. Malaman fiƙihu sun daɗe da fitar da hukuncin mai yoyon fitsari, an yi masa rangwame a alwala da salla, saboda haka ka haɗa shi da malamin da ya yarda da shi, ku zauna ku uku. Ka kuma bincika masa tun da wuri inda ake sayar da jakar da kuɗinta a wata, don ita ce ɗawainiyar da ke biyo baya.

Waɗansu za a dawo maka da su an ce ba abin da za a iya yi. Akwai abin yi. Gudan jini yakan toshe hanya mutum ya kwana yana murƙususu, robar fitsari mai faɗi da wanke mafitsara suna sauƙaƙa masa. Jininsa yakan yi ƙasa, a auna a ƙara masa. Zafin ƙugu in ya fi ƙarfin farasitamol da taramadol, ka rubuta wa asibitin da ya sallamo shi a ba shi mofin na sha, kada tsoron sabo da magani ya hana ka. Ka koya wa mai jinyarsa yadda za ta riƙa juya shi da tsabtace robar. Ka kira babban ɗansa ko ƙanensa gefe ka gaya masa halin da ake ciki a fili, don kada a sayar da gona da shanun huɗa a bi masu cewa suna narkar da daji da jiƙo, ga marayu za a bari. In kuma 'yan'uwansa maza tare suka yi wankan kanal ɗin nan suna yara, ka ce su ma su kawo fitsarinsu a duba, na tsakanin hantsi da azahar, don a lokacin ne ƙwan ya fi fita.